Yadda za ka ɗora katalog ɗin ɗakin karatu a kan manhaja ta kyauta, ka kuma bar masu karatu su sa hannu a ciki

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, wata yarinya ce ƴar lise da ta shigo ɗan ɗakin karatun da nake taimakawa a nan Damagaram, ta ce mini "Mushe, don Allah kuna da littafi a kan Sarki Tanimun?", na ce ta duba a kwamfuta, ta rubuta Tanimun babu komai, ta rubuta Tanimu babu, alhali littafin André Salifou a kan Damagaram ta ƙarni na 19 wanda ya fito a 1971 yana nan a kan kanta bayan ta, taku biyu kawai. Katin littafin da faransanci aka cika shi, kuma ko da an sa sunan sarkin, Tanimoune za a rubuta. Yarinyar ba ta yi kuskure ba, yadda ake faɗi a gidansu ta rubuta. Katalog ɗin ne bai jin yarenta. To tun ranar nake ta tunanin yadda za a yi katalog ya riƙa karɓar kalmomin mutanen da ke amfani da shi, kuma abin da na koya shi ne zan shimfiɗa muku, ku da ke riƙe da ɗakin karatu na lakwal ko na ƙungiya ko na makarantar islamiyya.

Mu fara da fahimtar abin da ake nufi da manhaja mai buɗaɗɗen tushe, ko lojisiyal kamar yadda muka saba faɗi a nan. Ita ce wadda waɗanda suka rubuta ta suka bar rubutun cikinta a fili, kowa na da izinin ya ɗauka, ya yi aiki da ita, ya gyara, ya ba wani, ba kuɗin lasisi kowace shekara. Amma fa kyauta ba ta nufin ba za ka kashe ko dala ba. Na'ura kuɗi ce, kuran kuɗi ne, lokacin mutumin da zai zauna shigar da littattafai ma kuɗi ne. Abin da ka samu na gaske shi ne bayananka suna hannunka, ranar da ka ga dama ka kwashe su ka koma wata manhajar ba mai riƙe maka wuya.

Zaɓen manhaja

Guda biyu ne nake ganin sun dace da mu. Ta farko Koha, an rubuta ta a ƙasar New Zealand a 1999 don wani ɗakin karatu na yankin Horowhenua, ta fara aiki a farkon 2000, kuma sunan nata a harshen Maori yana nufin kyauta. Tana zama a kan Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows, musamman nau'insa na Debian ko Ubuntu, sabon zubi na fitowa sau biyu a shekara, watan Mayu da watan Nuwamba, shi ya sa za ka ga lamba kamar 24.05 ko 24.11, shekara ce da wata. Ta biyu PMB, ƴar Faransa ce, wani ma'aikacin ɗakin karatu François Lemarchand ya fara ta a 2002, da PHP da MySQL aka gina ta, kuma tun asali da faransanci take magana, don haka wanda ya yi lakwal a nan ba zai sha wahalar menu ɗinta ba. Akwai wasu, SLiMS ta Indonesiya, Evergreen ta jihar Jojiya a Amurka, amma samun wanda zai taimake ka da su a kusa zai yi wuya.

Ra'ayina a fili: in kana da wani yaro da ya iya Linux, ko ɗalibin jami'ar André Salifou da zai riƙa leƙo ka, ɗauki Koha, don wajen sa hannun masu karatu na fi sanin ta kuma tana da ƙarfi. In kai kaɗai ne da tsohuwar kwamfuta mai Windows, ɗauki PMB ka huta. Kar ka zaɓa don an ce wance ta fi wance suna, ka zaɓi wadda in ta tsaya ranar Talata akwai wanda zai tada ta kafin Juma'a.

Na'ura da kuran

Ba sai ka sayi wata babbar na'ura ba. Kwamfuta ɗaya mai ƙwaƙwalwar aiki giga 4 ta ishi ɗakin karatu mai littafi ƴan dubbai, ita ce za ta zama uwar na'ura, kuma ni na fi son a yi da portabul, don batirinta kansa kariya ne in an ɗauke kuran ana tsakiyar rubutu, ka san rumbun bayanai ba abin da ya tsana kamar a kashe shi ba sallama. In ta tebur ce to dole ondular, wato batirin nan da ke riƙe na'ura na ƴan mintuna har ka kashe ta da kyau. Mai sola ya fi kowa kwanciyar hankali. Ka ɗaga ta daga ƙasa, ka rufe ta da ƙyalle in an tashi saboda ƙurar hunturu, kuma watan Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40 kar ka ajiye ta jikin bangon da rana ke duka.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba, katalog ɗin bai buƙatar intanet don masu karatu su yi amfani da shi. Ka sayi ɗan akwatin wifi, ka haɗa uwar na'urar da shi, ka ba ta adireshi tsayayye kamar 192.168.1.10, ka rubuta adireshin da sunan wifin a takarda ka manna a ƙofa, duk wanda ya shigo da salularsa ya kama wifin ya buɗe adireshin sai ga katalog, ba kiredi ba jiran rezo. Intanet sai lokacin girkawa da lokacin jawo katunan littattafai daga waje.

Girkawa

Ga Koha, a girka Debian ko Ubuntu mai dogon zango, wato zubin LTS da ake daɗewa ana kula da shi, a ƙara rumbun manhajar na debian.koha-community.org, sannan a jawo koha-common da mariadb-server. A buɗe fayil ɗin koha-sites.conf a ba ɓangaren ma'aikata ƙofarsa daban, yawanci 8080, a bar ta masu karatu a 80. A nan ne kuma ake faɗa mata tsarin katin da za a bi, zan dawo kan wannan yanzun nan don kar a yi gaggawa. A kunna rewrite da cgi na Apache, manhajar da ke miƙa shafuka ga burauza, sai a rubuta koha-create --create-db da sunan da ka ba ɗakin karatunka. Kalmar sirrin farko koha-passwd ne zai nuna maka ita, da ita za ka shiga ta burauza ka ƙarasa sauran tambayoyin. Faransanci kuma da koha-translate --install fr-FR ake sa shi, sannan a kunna shi cikin saituna.

PMB ta fi sauƙi, ka girka WampServer ko XAMPP, su ne ke kawo maka PHP da rumbun bayanai a dunƙule, ka zuba jakar pmb cikin jakar yanar, ka buɗe tables/install.php ta burauza ka bi tambayoyin. Ka duba zubin PHP da zubin PMB ɗinka ke so kafin ka fara, don nan ne yawanci ake tuntuɓe. Shigar farko admin ne da admin, don Allah ka canza ta a ranar.

Zancen tsarin kati. Akwai MARC21 akwai UNIMARC, dukansu hanya ce ta ba kowane bayani gurbi mai lamba don na'urori su fahimci juna. PMB UNIMARC take bi. Koha tana bin duka biyun amma sau ɗaya ake zaɓa, canzawa daga baya aiki ne mai ɗaci. Ka dubi kantocinka, in mafi yawan littattafan na faransanci ne, ɗauki UNIMARC, don babban ɗakin karatun ƙasar Faransa da shi yake bayar da katunansa. In na ingilishi da larabci da na Najeriya suka fi yawa, MARC21 ya fi.

Gwajin ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, kafin ka shigar da komai

Nan zan daɗe, don nan ne tamu matsalar take wadda takardun koyarwa na waje ba za su faɗa maka ba. Ka tabbata komai a UTF-8 yake, wato tsarin adana haruffa da ya san haruffanmu masu lanƙwasa, daga rumbun bayanai har shafin. Sai ka yi katin gwaji guda ɗaya mai suna kamar "Ƙasar Damagaram da ƴaƴanta", ka adana, ka koma ɓangaren masu karatu ka nemi "kasar" da k maras lanƙwasa. In bai fito ba ka gano ciwon tun da wuri. Dalili shi ne injin bincike ya iya cire wasalin faransanci, é ta koma e, saboda a wurin na'ura é harafi ne da ɗigo a kansa, amma ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k ba ce da aka yi wa ado, don haka bai san suna da dangantaka ba sai an gaya masa. Kuma mu duka mun san yadda ake rubutu a salula, kusan kowa k da d da b yake bugawa.

A Koha mai aiki da injin bincike na Zebra, ana gyara wannan cikin fayil ɗin ƙa'idojin haruffa, ko word-phrase-utf.chr ko words-icu.xml gwargwadon wanda ake amfani da shi, a ƙara layin da ke cewa ƙ daidai take da k, ɗ da d, ɓ da b, ƴ da y, manya da ƙanana, sannan a sake gina fihirisar da koha-rebuild-zebra. Ka ajiye kwafin fayil ɗin da ka gyara a gefe don sabunta manhaja na iya mayar da shi yadda yake. In ba ka da mai yi maka wannan, akwai hanyar talaka kuma tana aiki: ka rubuta sunan littafin daidai da lanƙwasarsa a gurbin suna, 200 a UNIMARC ko 245 a MARC21, sannan ka sake rubuta shi ba lanƙwasa a gurbin wani sunan, 517 ko 246. Haka ma bambancin mu da Najeriya, mu ƴ muke rubutawa su 'y, littafin da aka buga a Kano ko Zariya zai zo da 'ya'ya, ka kwafe yadda yake a bango, ka sa namu a gurbi na biyun.

Littattafan larabci da na ajami ma haka, sunan da haruffansa na asali a gurbin farko, yadda ake faɗinsa da boko a na biyu, don almajirin da ya san littafin da baki ya same shi ko da salularsa ba ta da allon larabci.

Shigar da littattafai

Kar ka ce sai ka gama duka kafin ka buɗe. Ka yi lissafi, littafi 2000 in kana yin 20 a rana kwana 100 ne na aiki, kuma ba kullum za ka samu yin 20 ɗin ba. Fara da waɗanda aka fi ara, na ƴan jarrabawar BEPC da BAC, da ƙagaggun labarai.

Littafin da ke da ISBN, lambar nan mai 13 a bayan bango, ko mai 10 in ya girmi 2007, sau da yawa ba sai ka buga komai ba. Akwai wata hanya da ake kira Z39.50 wadda manhajarka ke tambayar manyan ɗakunan karatu, na ƙasar Faransa ko na majalisar Amurka, ta jawo katin a cike, kai dai ka duba ka ƙara lambar kanta. A PMB sai an kunna yaz a cikin PHP kafin wannan ya yi aiki. In kuma kana da tsohon jeri a Excel, MarcEdit na mayar da shi MARC ka zuba gaba ɗaya, kyauta ake ɗaukar sa ko da yake shi tushensa ba a buɗe yake ba.

Amma littattafanmu na Hausa, irin na soyayya da ake kawowa daga Kano kashi na 1 da na 2 da na 3, da ƙananan littattafan addini da ake saya a kasuwar Dole, da na yaƙi da jahilci, da yawansu ba ISBN ba shekara, wani ma ba sunan maɗaba'a, kuma ba wani ɗakin karatu a Turai da ya yi musu kati. Waɗannan da hannunka za ka yi, kuma ni a wurina su ne suka fi cancantar lokacinka, don katin da ka yi zai yiwu shi ne na farko da aka taɓa yi wa littafin a duniya. Suna, marubuci, gari da shekara in akwai, yawan shafi, harshe da alamar hau, sai lambar kanta. Abin da babu a littafin ka bar gurbin, kar ka ƙirƙira. Ga masu bin Dewey, wato tsarin ba littafi lambar kanta bisa batunsa, 297 musulunci, 493.72 harshen Hausa, 893.72 adabin Hausa, 966.26 tarihin Nijar, waɗannan huɗun za ka yi ta komawa kansu.

Sunayen marubuta kuma ka tsayar da siffa ɗaya tun farko. Ousmane da Usman da Usmanu, Mahamadou da Muhammadu, Abdou da Abdu, in ka bari kowane mai shigarwa ya rubuta yadda ya ga dama mutum ɗaya zai zama uku. Duka manhajojin biyu suna da wurin ajiye tsayayyen suna tare da sauran siffofinsa masu nuni zuwa gare shi, ka yi amfani da shi.

Buɗe ƙofa ga masu karatu

To yanzu mun zo kan abin da ya kawo mu. Tunanin a bar mai karatu ya ƙara wani abu a katalog ya yi ƙarfi ne wajen tsakiyar shekarun 2000, LibraryThing ya fito a 2005 inda mutane ke jera littattafansu suna liƙa musu kalmomin da suka ga dama, a 2007 kuma ɗakin karatun garin Ann Arbor a Amurka ya sa irin wannan a nasa katalog ɗin. Su a can ƙari ne a kan katunan da dama sun cika da harshensu. Mu a nan buƙata ce, don kalmomin batu da ke zuwa da katunan waje da faransanci suke, mai neman littafi a kan ciwon sikila ko noman gero ko rabon gado ba lalle ya san yadda aka rubuta shi a can ba, kuma tun da kundin sake gina ƙasa na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, ban ga dalilin da katalog a Damagaram zai kasa amsa tambaya da Hausa ba.

Abubuwa biyar Koha ke ba mai karatu: ya liƙa wa littafi laƙabi, wato kalma ɗaya ko biyu da ke faɗin abin da ke ciki, ya rubuta sharhi, ya ba da tauraro daga 1 zuwa 5, ya haɗa jerin littattafai, ya kuma ba da shawarar abin da za a sayo. Duka a cikin saitunan tsarin ake kunna su. Ka nemi TagsEnabled ka kunna, TagsInputOnDetail don akwatin rubutawa ya fito a shafin littafi, TagsShowOnDetail don a ga na wasu, sai TagsModeration wanda shi ne mafi muhimmanci, yana hana laƙabi fitowa fili sai ka amince. Sharhi OPACComments ne, tauraro OpacStarRatings, shawarar saye suggestion. A PMB ka shiga saitunan OPAC, wato ɓangaren masu karatu, ka nemi allow_add_tag da avis_allow, ka zaɓi wanda ke cewa sai mutum ya shiga da sunansa.

Shawarata kar ka buɗe duka rana ɗaya. Fara da laƙabi da shawarar saye. Laƙabi gajere ne, tantance shi minti ɗaya ne, kuma amfaninsa nan take ake gani. Shawarar saye kuma ita ke sa mutum ya ji ana jin maganarsa, amma da sharaɗin ka riƙa amsawa, ko da amsar ita ce babu kuɗi bana. Sharhi ya biyo baya in ka ga kana da lokacin karantawa. Tauraro ban damu da shi sosai ba, a ƙaramin wuri mutum biyu ne za su ba littafi maki sai ya zama kamar hukuncin gari ne.

Kowane mai sa hannu sai yana da rajista da kalmar sirrinsa, kuma wannan alheri ne, don wanda ya san an san shi bai cika rubuta shirme ba. Amma a waje kar ka nuna cikakken suna, a Koha saitin ShowReviewer na ba ka zaɓi, ka sa sunan farko kawai ko ka ɓoye gaba ɗaya. Ka tuna akwai ƴan mata da matan aure da za su so su faɗi ra'ayinsu a kan littafin lafiyar mata ko na zaman aure amma ba sa son unguwa ta san su ne. Haka tarihin abin da mutum ya ara, amana ce, Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, kuma ko ba doka bai dace wani ya zo ya ce a nuna masa me ƴarsa ko matarsa ke karantawa ka buɗe masa ba. Wajen rajista ka karɓi abin da kake buƙata kawai.

Tantancewa

Ka rubuta ƙa'ida gajera da Hausa da faransanci ka manna kusa da adireshin wifin: a yi magana a kan littafi ba a kan mutum ba, ba zagi, ba kafirta kowa, ba tallar siyasa, ba lambar waya. Littattafan addini su ne za su fi jawo zafi, don garin nan akwai ƴan ɗariƙa akwai ƴan izala akwai kiristoci kuma duk ɗakin karatun nasu ne. Mutum na da damar ya ce hujjar marubuci ba ta gamsar da shi ba, wannan sharhi ne, ka bar shi ko da kai ba ka yarda ba. In ya koma zagin masu bin littafin, ka ƙi shi, kuma in ya shigo ka ja shi gefe ka ce "Malam, ga dalilin da ban saki naka ba, gyara nan ka sake turowa". Yawanci sukan gyara.

Kar mutum ɗaya ya riƙe tantancewa, ku zama biyu ko uku, a samu mace a ciki, a samu mai larabci. Kuma a sa rana, ko sau biyu a sati, don wanda ya rubuta abu ya dawo bayan sati uku bai gan shi ba ba zai sake ba. A Koha in ka amince da kalma sau ɗaya ta shiga jerin amintattu, gobe wani ya sake amfani da ita za ta wuce da kanta, wadda ka ƙi kuma ta shiga jerin ƙi, don haka aikin na raguwa da tafiya.

Za ka ga laƙabi iri-iri a kan abu ɗaya, Zinder, Damagaram, Zindar, ko tarihi da tarishi, ko gero da hatsi. Kar ka goge don ka daidaita, wannan bambancin shi ne dukiyar da kake nema, kowane ɗaya hanya ce da wani zai bi ya iso ga littafin. Wanda za ka ƙi shi ne marar amfani ga kowa ko mai ɓatarwa, kamar a liƙa "lissafi" a littafin waƙoƙi.

Ga wani abu da ya kamata ka sani tun yanzu don kar ranka ya ɓaci daga baya. A Koha laƙabin masu karatu ba ya shiga cikin katin MARC, a wani teburi daban yake zaune, kuma akwatin bincike na yau da kullum ba ya duba can, sai dai mutum ya latsa laƙabin ko ya shiga shafin tarin laƙabai. Wannan na da kyau ta fuska ɗaya, katinka na nan da tsabta ba mai taɓa shi. Amma yana nufin yarinyar nan tawa in ta rubuta Tanimun a akwatin bincike har yanzu ba za ta samu ba, ko da wani ya liƙa laƙabin. Maganin shi ne aikin wata-wata: ka buɗe jerin laƙaban da aka amince da su, ka zaɓi masu kyau, ka kwafe su da hannunka cikin gurbin kalmomin sake na katin, 610 a UNIMARC ko 653 a MARC21. Daga nan bincike zai kama su. Masu karatu su kawo kalma, kai ka ɗaga ta zuwa kati, haka abin ke tafiya, kuma awa ɗaya ko biyu a wata ta isa.

In ba wanda ya rubuta komai fa

Zai faru, ka kunna komai ka zauna wata guda shiru. Ba wanda ke son ya zama na farko a shafi fari fat. Kai da abokan aikinka ku fara liƙa wa littattafai 100 da aka fi ara laƙabi da Hausa. Sannan ka nemi mushen faransanci ko na tarihi a lakwal ɗin da ke kusa, ya kawo ajinsa, kowane yaro ya ɗauki littafin da ya taɓa karantawa ya ba shi kalma uku da jimla biyu. Malamai su haɗa jerin littattafan ajinsu su buɗe shi ga kowa, irin "na ƴan troisième" ko "na shirin BAC", wannan jerin yakan fi komai samun masu dubawa.

Kuma kar ka manta da waɗanda ba su da salula mai intanet ko ba su saba da bugawa ba, dattijon Birni da ya san littattafan fiƙihu ciki da waje, ko uwar gida da ta karance littattafan Hausa na kantarka tas. Ka yanka ƴan takardu ka sa cikin kowane littafi da za a ara, da tambaya biyu, "a kan me yake magana?" da "wa za ka ba shawarar ya karanta?", in an dawo da shi ka shigar da amsar ta wani asusu da ka buɗe don wannan, bayan ka nemi izininsu. Wani ma da baki zai faɗa maka a bakin tebur, ka ce "Baba, in rubuta wannan a katalog?", in ya ce to ka rubuta yadda ya faɗa.

Ajiyar kwafi

Tun da laƙabi da sharhi da jeri ba sa cikin MARC, in ka fitar da katunan kawai ka ce ka yi ajiya, ranar da faifan na'ura ya mutu duk abin da mutane suka rubuta ya tafi. Rumbun bayanan gaba ɗaya ake kwafewa. Koha da aka girka ta hanyar da na faɗa tana yin kwafi da kanta kullum cikin /var/spool/koha, in dai na'urar na kunne a lokacin da aka sa mata, kuma koha-dump na yi maka a duk lokacin da ka so. PMB na da wurin ajiya a ɓangaren gudanarwa. Amma kwafin da ke cikin na'urar da ta mutu ba kwafi ba ne, don haka kile biyu na USB za ka saya, duk ranar Alhamis kafin a tashi ka zuba a ɗaya ka tafi da ita gida, sati mai zuwa ka kawo ta ka tafi da ɗayar. Sau ɗaya a wata uku ka ɗauki kwafin ka gwada mayar da shi a wata kwamfutar ka ga ko yana buɗewa, ka nemi laƙabi ɗaya da ka sani ka tabbata yana nan. Kalmomin sirri da matakan da aka bi wajen girkawa kuma a rubuta su a kaye, a ba shugaban ƙungiya ko direktan lakwal ya kulle a durowa, don yaron da ya girka maka zai iya samun aiki a Yamai ko Agadas ya tafi, wanda zai gaje shi da wannan kayen zai fara.